Katanga Mai Duba Kati a Ƙofar Ɗakin Taro

Duk wanda ya taɓa shiga babban ɗakin taron nan na bayan tashar mota ya san Katanga, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ƙaton da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda in ya buɗe kafaɗu sai hasken waje ya ragu a cikin lungun shiga. Ba a ƙofar ya samo sunan ba. Tun yana saurayi yana tsaron raga a ƙungiyar ƙwallo ta unguwa 'yan kallo suka laƙaba masa shi, wai buga masa ƙwallo da buga wa bango duk ɗaya ne. Har ya fara mafarkin babbar ƙungiya, sai wata rana ya yi tsalle ya sauko a kan gwiwa, gwiwar ta yi ƙara, mafarkin ya tsaya nan. Abin da ƙwallo ta bar masa shi ne sunan, da yatsa guda da ya karkace, da ɗan ɗingishi in gari ya yi sanyi.

Wadda ta yi jinyar gwiwar ita ce ta yi jinyar komai nasa tun yana ƙarami, wato yayarsa. Mahaifiyarsu ta rasu bai san fuskarta ba, Yaya ce ta goya shi, ta yaye shi, ta kai shi makaranta, ta kuma zane shi duk ranar da ya gudu ya tafi filin ƙwallo. Tela ce, 'yar siririya, da ciwon asma tun ƙuruciya, amma in ta hau keken ɗinki maƙwabta sun san ta tashi. Duk girman Katanga, in ta ce masa zauna, zama yake yi. Takan dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan jikin duk daga tukunyata aka gina shi, kada ka yi mini fankama da kayana."

Aikin ƙofa ya karɓe shi. Ana yin komai a wannan ɗakin taro: wasan kwaikwayo, taron 'yan kasuwa, yaye ɗalibai, mawaƙa in sun zo gari. Katanga ya san tikitin jabu tun daga yadda mai shi ya riƙe shi. Ya san wanda ya zo kallo da wanda ya zo lalube aljihun mutane. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, tsayuwa kawai yake yi, mai rigima ya ɗaga kai ya dube shi, ya tuna yana da wani uzuri a gida. Da wannan aiki ya yi aure, da shi aka haifi tagwayensa, har matarsa ta zama Maman Biyu a bakin kowa.

Sai annoba ta zo, aka garƙame ɗakin taro. Katanga ya koma ɗaukar buhuna a wani sito, yana dawowa gida da ƙura a gira. Yaya kuwa likita ya ja mata kunne, ya ce mai irin ƙirjinta ba ta da abin wasa da wannan cuta. Ta rufe ƙofarta. Masu ɗinki su miƙo yadi ta taga, su karɓi riga ta taga. Katanga in ya je gaishe ta daga tsakar gida yake tsayawa, ita tana ciki, suna ɗaga murya kamar masu faɗa. Da allurar rigakafi ta iso shi ya raka ta, ya tsaya mata a layi, ya yi tasa a ranar. Duk da haka ba ta koma fita ba.

Da aka ba wuraren taro izinin buɗewa, an kafa sharaɗi: ba mai shiga sai da katin rigakafi ko takardar gwaji. Manajan ɗakin taron ya tara ma'aikata a tsakar fili. Mutum ne mai son turare da dogon bayani. Ya miƙa wa Katanga wata waya mai duba kati, in kati na gaske ne ta nuna kore, in na banza ne ta nuna ja.

"Daga yau lafiyar duk wanda ke cikin ɗakin nan tana hannunka," in ji Manaja.

Katanga ya karɓi wayar da hannu biyu. Bai taɓa jin an ɗora masa abu mai nauyin wannan ba, kuma ya ji daɗin nauyin. A saman ƙofa aka rataya wani ƙaton ƙyalle da manyan baƙaƙe: SHIGO HANKALI KWANCE, DUK WANDA KE CIKI AN TANTANCE SHI. Kullum da safe in ya zo aiki sai ya ɗaga kai ya karanta, ya gyara wuyan rigarsa.

Kuma ya yi aikin tsakani da Allah. Ya mayar da masu kati na aro, ya mayar da masu hoton katin wani a waya, ya mayar da wata da ta rantse da kabarin kakanta cewa nata yana cikin ɗaya jakar. Har ƙanen Maman Biyu ya mayar, wanda ya zo kallon wasa yana washe baki yana cewa, "Haba Yaya, ni ne fa." Katanga ya ce, "Na gane ka sarai, wayar ce ba ta san ka ba." Maganar ta kai gida, Maman Biyu ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba tare da ta ce ga shi ba.

Da farko komai ya tafi bisa ƙa'ida. Kujeru a warwatse, tagogi a buɗe, kowa da takunkumi a fuska. Amma kujera a warwatse ba ta cika aljihun mai ɗaki. A hankali kujerun da aka jibge a sito suka fara dawowa, layi bayan layi, har gwiwar na baya tana taɓa bayan na gaba kamar dā. Masu haya suka yi ƙorafin zafi da hayaniyar tasha, Manaja ya sa aka rufe tagogi aka kulle, aka kunna na'urar sanyi, makullan suka shiga aljihunsa. Takunkumi kuwa, mutum yana wuce Katanga zai cire ya cusa a aljihu, ba mai ce masa uffan. Wata mai shara ta yi magana, Manaja ya nuna mata ƙyallen da ke saman ƙofa ya ce, "Ba ki iya karatu ba? An tantance su. Me kuma ya rage?"

Akwai kuma ƙaramar ƙofa ta gefe, inda manyan baƙi ke shiga daga motarsu kai tsaye. A can ba waya, ba tambaya, sai gaisuwa da rusunawa. Wannan kam ta tsaya wa Katanga a rai, har ya samu Manaja a ofis.

"Yallaɓai, ƙofar gefen nan fa, ba wanda ke dubawa."

"Irin waɗannan mutanen kana ganin ba su yi allura ba? Su da likita ke bi har gida? Kai dai riƙe ƙofarka."

Ya koma ya riƙe ƙofarsa. A ransa ya ce manyan baƙi ba su da yawa, kuma can gaba suke zama. Shi dai abin da ya sani, duk wanda ya bi ta hannunsa tsaf yake. Ya yarda da wayar nan kamar yadda ya yarda da idonsa.

Ana cikin haka Auta ta gama makarantar koyon aikin malanta. Auta ita ce 'yar Yaya ta ƙarshe, wadda aka yi wa karatun da ƙafar keken ɗinki, ita kaɗai ce a gidan ta kai wannan matsayi. Makarantar ta kama hayar ɗakin taron don bikin yaye ɗalibai. Yaya da kanta ta ɗinka wa 'yarta rigar da za ta sa a ƙarƙashin rigar yayewa, ta goge, ta rataye, sannan ta ce ita ba za ta je ba.

Auta ta zo wurin Katanga tana hawaye. "Kawu, ka yi mata magana. Kowa uwarsa za ta zo."

Katanga ya je ya tsaya a tsakar gida kamar kullum. Yaya tana zaune a bakin taga tana warware zare.

"Yaya, me za ki ji tsoro? Kin yi allura. Duk wanda zai shiga ya yi allura ko ya yi gwaji. Kuma ni ne a ƙofa."

"Likita ya ce in guji taro."

"Taron kasuwa yake nufi, inda ba a san kowa ba. Nan a rubuce yake a saman ƙofa, kowa yana gani. Ni da hannuna nake dubawa. Ƙanen matata ma na mayar, kin ji labari."

"Na ji, har yau ana zagin ka." Ta yi dariya, dariyar ta koma ɗan tari. Ta daɗe tana kallon rigar da ke rataye, sannan ta ce, "To. Tunda kai ka ce."

Ranar bikin da hantsi mutane suka yi dafifi. Makarantar ta ce kowane ɗalibi ya zo da mutum biyu, amma wa ke zuwa yaye ɗa da mutum biyu? Kakanni, gwaggwanni, maƙwabta, duk sun zo, kuma yawancinsu da katinsu. Ƙofa ɗaya ce, waya ɗaya ce, lungun shiga kuwa siriri ne ba taga. Mutane suka cushe a ciki kafaɗa da kafaɗa, suna numfashi a wuyan juna, suna jiran a tantance su. Katanga yana dubawa gumi yana zuba. Da ya hango Yaya a bakin lungu, ta sa takunkumi biyu ɗaya kan ɗaya, ta ƙanƙame jakarta, sai ya ratsa mutane ya kamo hannunta. Ya duba katinta kamar na kowa, wayar ta nuna kore, ya kai ta ya zaunar a kujerar bakin layi, kusa da taga.

Bai daɗe da komawa ba wani mutum mai babbar riga ya iso gabansa. Idanunsa jajur, hanci yana zuba, yana tari irin mai tasowa daga ƙasan ƙirji. Ya miƙa kati, wayar ta nuna kore. Katanga ya riƙe katin bai mayar ba.

"Malam, ba ka da lafiya."

"Mura ce. Ba ni katina, ɗana ake yayewa."

Manaja yana wucewa a lokacin, yana sauri zai tarbi babban baƙo. Katanga ya tare shi, ya rage murya. "Yallaɓai, wannan tari yake sosai."

"Wayar me ta ce?"

"Kore."

"To kai likita ne? Ka bar mutane su wuce, ka ga yadda layi ya kai titi."

Mutumin ya wuce. Bayansa wasu ma sun wuce masu jan hanci, masu takardar gwajin da ta kwana biyu a aljihu har ta yi laushi, duk dai a cikin wa'adin da Manaja ya ce a karɓa. Ɗaki ya cika, aka ƙaro benci, waɗanda ba su samu ba suka jingina da bango.

Ana tsakiyar jawabai wuta ta ɗauke. Injin janareta ya tashi, amma ƙarfinsa bai wuce fitilu da lasifika ba, na'urar sanyi ta yi shiru. Kafin a kira sunan ɗalibi na farko ɗakin ya zama tanda. Mata suna fifita da takardar shirin biki, jarirai suna kuka, masu sauran takunkumi suka yaye shi. Katanga ya leƙo ya ga Yaya ta dafe ƙirji, ta cire takunkumin sama, ta cire na ƙasa, tana neman iska da baki. Ya zo ya girgiza tagar da ke kusa da ita, a kulle. Ya nemi Manaja, aka ce ya raka babban baƙo cin abinci, da makullan a aljihunsa. Katanga ya tsaya gaban tagar nan da hannun da zai iya ɓalle ta a bugu ɗaya. Ya yi tunanin aikinsa, ya yi tunanin tagwaye, ya ce a ransa zafi ne kawai, zafi ba ya kisa, ai duk an tantance su. Ya samo wa Yaya ruwa da kwali ta yi fifita.

Da aka kira sunan Auta, Yaya ta miƙe tsaye tana tafi tana kuka, ta manta da ƙirjinta. Mai babbar rigar nan yana layin bayanta, shi ma ya miƙe yana yi wa ɗansa kirari, yana tari a tsakani.

Mako bai cika ba waya ta fara yawo tsakanin iyayen ɗalibai: wane ya kwanta, wance tana asibiti. Katanga ya yi zazzaɓi ya daina jin ƙanshin abinci, ya keɓe kansa a ɗaki har ya warke. Yaya kuwa da rana tsaka Auta ta same ta a ƙasa kusa da keken ɗinki, leɓunanta sun canza launi.

Ba a barin kowa ya shiga inda aka kwantar da ita. Katanga yana warkewa ya koma zaman barandar asibiti, yana leƙe ta gilashi. Ga ta can, 'yar mitsitsiya a kan gado, robar iska a fuskarta. Wata nas mai furfura ta saba ganinsa, wata rana ta tsaya ta tambaye shi ko shi ne ɗanta.

"Ƙanenta ne. Amma Sista, ta yi allura fa. Duk wanda ke wurin ya yi allura ko gwaji. Ni na duba su."

Nas ta sauke ajiyar zuciya. "Allurar ce ta sa har yanzu kake da wadda za ka leƙa. Da ba ta yi ba, da irin ƙirjin nan nata, da tuni an gama magana. Amma wa ya ce maka mai allura ba ya ɗaukar cutar ya ba wani? Yana ɗauka, sai dai ba ta cika kayar da shi ba. Mai gwaji kuma, na shekaranjiya ba ya gaya maka na yau. Ku cusa mutane a ɗaki ku rufe taga, kati zai tace musu iska ne?"

"A saman ƙofa an rubuta a shigo hankali kwance."

"Wa ya rubuta?"

Nas ta ja tsaki ta wuce. Katanga kuwa ya zauna a kan benci. Ashe abin da nas ta faɗa a tsaye cikin numfashi biyu, ba wanda ya ga ya dace a gaya wa mutumin da aka ce lafiyar jama'a tana hannunsa. An ba shi waya, an rataya ƙyalle, an bar shi yana buga ƙirji a gaban yayarsa.

Da labari ya yi yawa, aka ce jami'an lafiya za su zo duba ɗakin taron. Katanga ya koma aiki ana gobe za su zo, ya tarar da wuri kamar ba shi ba. Tagogi a wangale, har an shafa wa sakatunsu mai. An kwashe rabin kujeru an mayar sito. An zana layuka a ƙasa, an ajiye robar wanke hannu a kowace kusurwa, an sa wa ƙofar gefe kwaɗo. Ƙyallen saman ƙofa ya ɓace, sai ƙusoshi huɗu a bango.

Jami'an suka zo su biyu, mace da namiji. Manaja ya zaga da su yana nuna tagogi yana bayani, turarensa yana bin su. Da suka iso bakin ƙofa sai ya girgiza kai kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Mu dai mun bi duk ƙa'ida, kun gani da idonku. In akwai inda aka samu ɓaraka, to a nan ne. Ranar an yi cunkoso, mai duba kati shi kaɗai ne, kuma 'yan uwansa ma suna cikin baƙi. Ban ce ya yi da gangan ba. Amma mun riga mun ɗauki mataki, daga yau mun sallame shi."

A gaban Katanga aka faɗi haka, yana tsaye da wayar a hannu. Sai da ya ji kunnuwansa sun yi ɗumi. Masu shara suka tsaya cak da tsintsiya, don ba su taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yallaɓai," in ji Katanga, "ni na kulle tagogin?"

"Ka ga, ba a nan za mu..."

"Ni na dawo da kujeru? Ni na buɗe ƙofar gefe? Mutumin da ke tari, ban tare ka na gaya maka ba, ka ce mini ni likita ne? Ina ƙyallen da ke nan? Ga ƙusoshinsa, ku duba! Yayata da ta goya ni tana can da roba a hanci, saboda na karanta mata abin da ka rubuta. Ba wanda ya wuce ni ba kati. Ko mutum ɗaya. Na mayar da ƙanen matata a ƙofar nan!"

Ya taka taku ɗaya gaba, Manaja ya ja da baya har ya taka ƙafar jami'in. Amma Katanga wayar kawai ya ajiye a kan tebur, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Jami'ar ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta tambayi masu shara ko gaskiya ne. Suka dubi Manaja, suka dubi ƙasa. Kowace da bakunan da take ciyarwa. Aka ba ɗakin taron gargaɗi, aka rufe shi na ɗan lokaci, aka sake buɗewa da sabon mai tsaron ƙofa.

Abin da ya fi korar ciwo shi ne maganar da ta bi gari. A tasha, a shagon aski, har a bakin famfo inda Maman Biyu ke ɗiban ruwa, cewa ake ƙaton nan ne ya karɓi na goro ya bar marasa kati suka shiga. Maman Biyu da ta yi fushi da shi kan ƙanenta, ita ce yanzu take ajiye bokiti ta riƙe ƙugu. "Mijin nawa? Mutumin da ya kunyata ni a dangina saboda kati? Ku je ku tambayi mai turaren can inda ya kai makullan taga!" Ta dawo gida tana huci, ta zauna ta fashe da kuka.

Yaya ta fito daga asibiti, amma ba duka ta dawo ba. Daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta huta. Keken ɗinki ya gagare ta, in ta taka kaɗan sai numfashi ya sarƙe, aka lulluɓe shi da tsohon zane. Ranar da Katanga ya fara shiga ɗakinta ya durƙusa a gaban gado. Ta dube shi ta ce, "Tashi, kana tare mini iska." Da ya ƙi tashi ta ɗora hannu a kansa. "Na ga 'yata ta karɓi takardarta. Kai kuma abin da aka gaya maka ka gaya mini. Je ka nemi aiki, 'ya'yanka ba kuka za su ci ba."

Ya samu aiki a wani filin ajiye motoci kusa da kasuwa, yana nuna wa direbobi inda za su tsaya, rana tana dukansa. A nan wata mata ta fito daga mota wata rana ta tsaya tana kallonsa.

"Kai ne na ƙofar ɗakin taro."

Ya ce shi ne, ya shirya jin zagi, don ya saba.

"Mahaifina ya je yaye ƙanwata. Bai dawo daga asibiti ba." "An ce kai ka bar su suka shiga. Ina so in ji daga bakinka."

Ya ba ta labari tun daga kujeru har zuwa makullai, bai rage ba, bai ƙara ba, har da tsayuwar da ya yi gaban taga bai ɓalle ta ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta buɗe wayarta ta nuna masa hoton mahaifinta a ranar bikin, tsoho yana murmushi a bakin ƙofa, a saman kansa ga ƙyallen nan ɓaro-ɓaro. Ta ce su iyalan da abin ya shafa sun haɗu sun ɗauki lauya, amma ba ma'aikaci ko ɗaya da ya yarda ya buɗe baki.

"Za ka faɗi wannan a gaban alƙali?"

"Ko a gaban wa," in ji Katanga.

Shari'ar tana nan har yanzu. Yau lauyan ɗakin taro ba shi da lafiya, gobe alƙali ya yi tafiya, jibi a ce wata takarda ba ta iso ba, a ɗage. Manaja bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba, an ma ce an ƙara masa girma, yanzu wurare biyu yake riƙe da su. Ɗakin taron kuwa duk ƙarshen mako cike yake. Wasu daga cikin iyalan sun gaji sun bar wa Allah. Katanga bai gaji ba. Duk ranar zama sai ya roƙi abokin aikinsa ya tsaya masa, Maman Biyu ta goge masa farar riga, ya je tun kafin a buɗe kotu ya zauna a benci na gaba, hannuwansa a kan gwiwa, yana jiran a kira shi. Har yau ba a kira shi ba. In aka ɗage sai ya tambayi magatakarda ranar dawowa, ya biya ta gidan Yaya ya cika mata randa da ruwa, sannan ya koma wurin motocinsa.